Baffa da Ɗakin da Ya Mayar Wurin Inji

Allah ne Ya ba mu aron Baffa, Ya kuma karɓi abinSa a farkon kakar bana. Ƙanin mahaifina ne, autan ɗakinsu, kuma shi ne mai injin casar shinkafar nan da ke bakin hanya a unguwarmu cikin birnin Haɗejiya. An ce tun kafin mai shela ya zaga, maƙwabta sun gane an yi rashi, domin injin bai tashi da safe ba.

Ni ban sami jana'iza ba. A wani ƙauye nake zaune kusa da Guri ina sana'ar bandar kifi, kuma ruwa bai gama janyewa daga hanya ba, sai da muka shiga kwale-kwale sannan muka sami mota. Tare muka zo da Gwaggo, yayar mamacin, wadda take hannuna shekaru da dama. Mun iso washegari da hantsi, ƙofar gida cike da tabarmi.

Na zauna na yi ta jin abin da ake faɗa. Liman ya ce unguwa ta rasa jigo. Dillalan shinkafa suka ce ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba, kuma gaskiya suka faɗa. Akawun abokin kasuwancinsa na Kano ya zo da farar riga, ya yi gaisuwa, bai ko gama shafa addu'a ba ya matsa kusa da babban ɗan mamacin yana tambaya a hankali yaushe inji zai koma aiki. Can gefen katanga kuma wasu tsofaffin mata ne a zaune, waɗanda da can suke casa da turmi ana biyansu, har injin ya zo ya raba su da taɓarya. Sun zo, sun yi gaisuwa kamar kowa, aka miƙa musu gumba suka ce sun ƙoshi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Na ga ana ta goge Baffa ana gyara shi, nan da shekara guda ba wanda zai gane shi. Ni kuwa ba na son a manta da shi, kuma ba na son a tuna da wani mutum dabam a ce shi ne.

Dogo ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Kullum akwai ƙwayar shinkafa a bakinsa yana gwada bushewarta da haƙori, ko a masallaci sai ka ji ƙas. Yana da sanda ta gora wadda ba don tafiya yake riƙe ta ba, don nuni ne. Ya taɓa jaki da ita, ko rumbu, ko ɗan da ya haifa, ya ce, "Wannan me yake ci, me yake kawowa?" Muna yara dariya muke yi in ya faɗa, muna kwaikwayonsa a bayan ido da karan dawa. Sai da muka girma muka gane ba wasa yake yi ba.

Kada a ce ban faɗi alherinsa ba. Lokacin da ciwon ajali ya kama mahaifina, Baffa ne ya goya shi a bayansa daga mota zuwa cikin jirgin ƙasa a tashar Malam Madori, ya kai shi asibiti Kano, ya yi jinyarsa har Allah Ya yi ikonSa. Shekarar da kogi ya cinye mana shinkafa tun tana ciki kuwa, jiragen ruwa ya turo ƙauyenmu shaƙare da buhuna, bai ce bashi ba ne, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Akwai mutanen da suke raye yau saboda wannan shinkafar. In sun yi masa addu'a ina cewa amin da zuciya ɗaya.

Amma akwai Gwaggo. Ita ce babba a ɗakinsu. Uwarsu ta rasu Baffa yana jariri, Gwaggo kuwa ba ta ko isa aure ba, ita ta goya shi, ta yi masa ɗura, ta kwana da shi a ƙirjinta. Shi ya sa har ya yi furfura ba ta kiransa komai sai Auta. Ta yi aure ba ta sami haihuwa ba, mijin ya rasu, ta dawo gidan ubansu ta shiga ɗakin uwarsu. Babban soro ne na ƙasa, rufin azara, bangonsa mai kauri, bayansa yana kallon hanya. A ciki aka haife su duka. A kusurwa akwai gadon ƙasa irin na da, wanda ake ginawa haɗe da bango, da rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi lokacin sanyi. Gwaggo tana da ciwon gwiwa, in ba a kan wannan gadon ba, ba ta iya runtsawa.

Bayan yaƙin Turawa ya ƙare, Baffa ya yi kuɗi da shinkafa. Ya haɗa jari da wani attajiri na Kano suka yi abin da ake kira kamfani, suka yi odar inji. Kamfani ba kamar mu ba ne da mai unguwa ke bi gida gida yana karɓar haraji, shi a kan ribarsa ake yanka masa. To akawun nan ne ya kawo wa Baffa labarin wata doka. Ya ce idan mutum ya ɗauki tsohon gini ya gyara shi ya mayar da shi wurin sarrafa kaya, abin da ya kashe wajen gyaran za a riƙa cire masa daga riba kafin a yanka haraji, kaso mai tsoka a shekarar farko, sauran kaɗan kaɗan shekara bayan shekara. Amma da sharaɗi. Ginin ya zama na aiki zalla. Ba kanti ba, ba ofis ba, ba kuma wurin kwanan mutum ba. Bature zai zo ya gani da idonsa.

Baffa bai sha wahalar neman gini ba. Gidan kakanmu a kan tudu yake, ruwa ba ya hawa, ga hanya a bayan soron, ƙofa kawai za a fasa. Ya shiga wurin Gwaggo da sandarsa, matata tana nan ta kai mata kifi, ita ta ba ni labari. Ya ƙwanƙwasa bango ya ji ƙarfinsa, ya ɗaga kai ya duba azara, sannan ya gaishe ta.

"Yaya, ɗakin nan ya yi miki girma."

"Ya yi, Auta. Da muna da yawa a ciki."

"Zan sa a yi miki wani a baya, ya fi iska."

Ta ce, "To ɗakin Inna fa?"

Ya ce, "Inna ta daɗe da daina bukatarsa."

Abin da aka yi mata a baya bukka ce ta zana a gefen rijiya, inda ƙasa ba ta bushewa. Aka kwashe mata jerenta, aka fasa ƙofa ta hanya, aka zuba siminti, aka cire wani sashe na rufin aka sa kwano don hayaƙi. Gadon ƙasar kaɗai ya tsira, domin magini ya ce jikinsa ɗaya da bango, in an rushe shi bangon zai tsage. Baffa ya ce a bar shi a riƙa jibga buhu a kai.

Gwaggo ba ta yi wa kowa ƙorafi ba. Abin da take yi shi ne, in an kashe inji da azahar ma'aikata sun tafi salla da cin abinci, sai ta lallaɓa da tabarmarta da butarta, ta ture buhu, ta kwanta a gadon. Ba ta sa garwashi saboda ɓuntu da baƙin mai. Ta ce da ni ɗumin injin ma yana yi wa gwiwarta daɗi, har tana yabon Auta da ya kawo abin da ke ɗumama ɗaki ba itace. Wannan ɗan barcin na rana shi ne duk barcinta. Ma'aikatan sun sani, suna kawar da kai.

Ranar da Baturen haraji ya zo ina gari, na kawo kifi kasuwa na biyo in gaishe su. An ce da la'asar zai iso, sai ga motarsa ana idar da azahar. Shi da tafinta, da akawun nan, da mai unguwa. Baffa ya taho da sauri daga masallaci, ya buɗe musu ƙofar hanya yana murmushi, na bi bayansu. Muna shiga sai ga Gwaggo kwance a kan gadon, carbinta a hannu, butarta a ƙasa.

Bature ya tsaya. Bai dubi injin ba, ita ya duba. Ya yi magana, tafinta ya juya.

"Ya ce wannan ai gado ne. Wace ce wannan, kuma a nan take kwana?"

Na dubi Baffa. Wallahi ko gezau bai yi ba, bai ma daina tauna shinkafarsa ba. Ya nuna ta da sandar nan ya ce, "Wata tsohuwa ce mai yi mana sharar ɓuntu. Gajiya ce ta kama ta. Wannan kuwa dakali ne na ajiye buhu."

Gwaggo ta tashi zaune tana gyara mayafi. Ta ji abin da ya faɗa, kunnenta garau yake har yau. Bature bai gamsu ba, ya ce a tambaye ta ita da kanta. Tafinta ya durƙusa, yaro ne mai ladabi, ya ce, "Iya, Bature yana tambaya, kuma abin da kika faɗa za a rubuta. Nan ɗakinki ne? Kina kwana a nan?"

Duk wanda ke wurin ya san amsar, har mai unguwa da ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. In ta ce ɗakinta ne, sassaucin harajin ya tashi, kuma Baffa ya yi wa hukuma ƙarya a gaban shaidu. Na buɗe baki zan yi magana, ta harare ni irin hararar da take mana muna yara, na fasa. Ta daɗe tana kallon ƙaninta, shi kuwa yana kallon rufi.

Ta ce, "Ɗana, gaya masa ni 'yar aiki ce. Ban taɓa kwana a ɗakin nan ba."

Bature ya rubuta. Ya zaga injin, ya auna bango da wani zare, ya ba Baffa hannu, suka tafi.

Na ɗauka ko da dai a ɓoye zai riƙe hannunta ya ce Yaya na gode. Motar ba ta gama ɓacewa ba ya aika a kira magini. Magini ya sake cewa bango zai tsage, Baffa ya ce ya tsage, akwai siminti. Tana tsaye a bakin ƙofa da tabarmarta a hammata aka sa diga aka farfasa gadon, aka kwashe ƙasar a kwando aka zubar a kududdufi. Bangon kuwa ya tsage, alamar tana nan har yau. Sannan ya ɗauko tsintsiya ya miƙa mata.

"Yaya, da bakinki kika ce ke mai shara ce. Bature yana iya dawowa ba sanarwa. Gara ya same ki kina yi."

Ta karɓa. Ta yi rani guda tana sharar ɓuntu a ɗakin da aka haife ta, ƙaiƙayi ya cinye mata ido, tari ya kama ta. Ƙananan 'ya'yansa da ba su san komai ba suka koma kiranta mai shara, ba wanda ya kwaɓe su. Da la'asar in an tashi aiki, ana sa kwaɗo a ƙofar.

Da na dawo na ga yadda ta koma, raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na same shi a zaure na ce, "Baffa, ka ji tsoron Allah. Matar nan ita ta goya ka." Ya ce, "Ta goya ni, na kuwa girma. Kai da kake da tausayi, me ka taɓa ginawa?" Na kai ƙara wurin alƙali, na ce ba a taɓa raba gidan kakanmu ba, soron nan kuwa kowa ya san shi ne rabonta. Aka kira mai unguwa, ya maimaita abin da ta faɗa a gaban Bature. Alƙali ya juya wurinta ya ce, "Baiwar Allah, wanne ne gaskiya, na ɗan ɗan'uwanki ko naki?" Ta tambaya, in ta janye maganarta me zai sami Auta. Aka ce mai yiwuwa tara, mai yiwuwa ɗauri. Ta ce, "Abin da na faɗa na faɗa." Alƙali ya ce haƙƙinta a gidan yana nan, amma tunda ita ta ce ba mazauninta ba ne, ba dole sai soron ba. Aka auna mata bukkar nan da gefen rijiya aka ce rabonta ke nan.

Muna fitowa Baffa ya taɓa ni da sanda a kafaɗa ya ce, tunda na iya shari'a, sai in iya ciyarwa. A ranar na ɗauke ta muka tafi. Na sa an gina mata gadon ƙasa a gidana, matata tana zuba mata garwashi kullum, ta ce an gode amma ba ya riƙe ɗumi kamar na Inna. Duk wanda ya zo daga Haɗejiya sai ta tambaye shi Auta, ya yi ƙiba ko ya rame, har yanzu yana ƙin cin miyar kuka? Shekarar da ya turo shinkafar nan gida gida ta bi da sandarta tana cewa ƙaninta ne ya aiko. Bai sa ko gaisuwa gare ta a bakin masu jirgin ba, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa tako ƙafarsa ba. Abu ɗaya take roƙo a duniya, in je in ce masa ya bar ta ta kwana a ɗakin ko da sau ɗaya kafin ta mutu. Na je har na gaji. Kullum amsarsa guda, shekarun sassaucin ba su ƙare ba, in aka ji mutum ya kwana a ciki hukuma za ta karɓe abin da ta rage masa.

To ga mu a zaman makokinsa. Mata sun zo daga Kaugama da Malam Madori da ƙauyukan fadama, gida ya cika har ba wurin sa ƙafa. Da magariba ta gabato sai matan gidan suka ce a buɗe ɗakin inji, tunda ba a aiki, a share a shimfiɗa wa baƙi tabarmi. Aka buɗe. Na ga matan da ba su ma san sunan kakarmu ba suna shiga da ƙullin kayansu.

Gwaggo tana zaune a tsakar gida, tun da muka iso take kuka marar sauti. Da ta ga ƙofar a buɗe sai ta share ido, ta naɗe tabarmarta, ta ce in kama ta. Na kama ta muka taka a hankali. Zuciyata ta yi sanyi, na ce ashe dai za ta samu. Muna isa bakin ƙofa babban ɗan Baffa ya sha gabanmu. Ba mugun yaro ba ne, kansa a ƙasa yake magana.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. An gyara miki wuri a ɗakin mahaifiyata."

Na ce, "Kai, matsa. Ga baƙi nan cike a ciki."

Ya ce, "Baƙi baƙi ne, jibi sun watse, ko an tambaya za a ce makoki aka yi. Ita kuwa in ta kwana, an ce ta dawo ɗakinta. Ba ni na faɗa ba. Wasiyya ce."

Na ce wace irin wasiyya. Ya ce ranar da jikin ya tsananta Baba ya tara su, ya yi maganar inji, ya yi maganar abokinsa na Kano, sannan ya ce ya san in ya mutu za a kawo Yaya, kuma za ta nemi shiga soron. Ya ce kowa ya shiga, ban da ita, sai shekarun sun cika. Bayan wannan bai ƙara wata magana mai tsawo ba sai kalmar shahada.

Gwaggo kuwa ta saki hannuna ta kama na yaron.

"Ya ambace ni?"

"Ya ambace ki, Gwaggo."

"Da bakinsa? Me ya kira ni?"

"Yaya ya ce."

Ta gyaɗa kai, ta leƙa cikin ɗakin daga inda take tsaye, ba ta tsallake dokin ƙofa ba. Ta ce, "Allah sarki Auta. Ina ta cewa ya manta da ni." Ta juya ta ce in mayar da ita inda na ɗauko ta.

Bayan addu'ar uku muka koma Guri, muna fita gari muna jin injin ya tashi. Kafin mu taho na tambayi akawun shekara nawa suka rage, ya faɗa mini, na dubi Gwaggo na san ba za ta kai ba. Tana nan a gidana, kullum bayan sallar asuba tana yi wa Baffa addu'a da ƙarfi, tana jira in amsa daga ɗakina. Ina amsawa saboda ita. Allah Ya ji ƙan Baffa, Ya yi masa rahamar da ta fi tasa, Ya ba shi makwancin da ba mai tashinsa. Ni dai har yau ba na iya kai addu'ar nan ƙarshe ba tare da na tsaya a tsakiya ba.